Yadda Ake Ƙera Siffofin Dainoso da Waya da Jarida Don Ajin Kimiyya a Legas

Dainoso dabbobi ne da suka rayu shekaru miliyoyi da suka wuce, yau ƙasusuwansu ake tonowa. Yawancin dainoson roba da ake sayar wa yara a kasuwa an zuba su ne a girma ɗaya. Mai mita 2 da mai mita 20 duk tsawon tafin hannu, jela tana jan ƙasa, an kuma haɗa masu tashi sama da na cikin teku a leda guda. Yaro in ya riƙe wannan a ka, cire masa sai an sha wuya. Da waya da tsohuwar jarida da gam, aji ɗaya a Agege ko Idi-Araba zai iya ƙera guda shida ko bakwai da suka fi waɗancan gaskiya nesa ba kusa ba. Wuri biyu ne aikin ke lalacewa: wajen awon waya, da wajen bushewa a danshin garin nan.

A fara da ma'auni

Kafin a yanka ko taƙi ɗaya na waya, a tsayar da ma'aunin da dukkan siffofin za su bi. Mun fi son kashi ɗaya cikin ashirin, wato kowace mita ɗaya ta dabbar ta koma santimita 5. A ninka mitocin sau biyar, shi ke nan. Tiranosoras mai mita 12 zai zama santimita 60, Tiraiseratos mai mita 9 ya zama 45, Belosirafta mai mita 2 ya tashi a 10 kacal.

Abin da za a fara ƙerawa ba dainoso ba ne. A yanka siffar mutum a kwali, tsayi santimita 8 da rabi. Sannan a haɗa akwatin kwali mai tsawon santimita 61, faɗi 12, tsayi 13. Wannan ita ce kwantena mai ƙafa 40, irin wadda tireloli ke fitowa da ita daga Apapa, kuma tsawonta ya yi daidai da na babban Tiranosoras daga hanci zuwa ƙarshen jela. Duk yaron Legas ya san girmanta, don haka da an ajiye dabbar kusa da ita bayani ya ƙare.

Kayan aiki

Wayar ɗaurin rodi ta magina tana lanƙwasuwa da hannu kuma tana da araha, amma baƙin ƙarfe ce, tsatsa takan ci ta har ta ɓullo ta cikin fenti. In an samu farar waya wadda ba ta tsatsa, ita ta fi. In kuwa baƙar aka samu, a naɗe ta kaf da salatif na takarda, irin na masu fenti, kafin wani abu mai ruwa ya taɓa ta. Sai filaya, almakashi, tef ɗin awo, katako mai kaurin santimita 2 na dasa ƙafafu, farin soson da ke zuwa cikin kwalin firji ko talabijin, kwali, tsinken tsire, tsinken sakace, garin katako da aka tankaɗe, samfefa, fentin ruwa da banish. Jarida kilo ɗaya ta ishi siffa uku matsakaita.

Gam kuwa, a sayi farin gam na kafintoci, irin su Top Bond, a sirka awo biyu na gam da awo ɗaya na ruwa. Sitacin rogo ya fi araha kuma yana kama takarda sosai, sai dai abinci ne. A Legas kyankyasai da ɓeraye ba za su bar siffar ta kai ƙarshen zango ba, funfuna ma tana son sa. Wasu kan ce a zuba gishiri a sitacin don hana funfuna. Kada a yi. Gishiri yana jawo laima daga iska, yana kuma gaggauta tsatsar waya.

Ƙashin waya: a koya da Tiranosoras

Wanda ya iya tsayar da Tiranosoras ya iya sauran, domin ƙafa biyu gare shi, komai kuma ya rataya ne a kan daidaito. Ya rayu a yammacin Arewacin Amurka daga shekara miliyan 68 zuwa miliyan 66 da suka wuce, nauyin babbansa ya kai tan 8 ko sama da haka.

A murɗe waya uku wuri ɗaya don gadon baya. Murɗawa tana rage tsawo, saboda haka a yanka santimita 70, a daidaita daga baya. A sa alama da biro: kai santimita 7 da rabi, wuya 6 da rabi, gangar jiki daga kafaɗa zuwa ƙugu 16, jela 30. Rabin dabbar jela ce, kuma a nan ne kuskuren farko yake. Tsofaffin zane-zane sun nuna shi a miƙe, kai sama, jela a ƙasa. Haƙiƙa gadon bayansa a kwance yake, kai a gaba, jela a sama tana rinjayar nauyin kan, ƙugu a tsakiya. A ɗora wayar a kan yatsa daidai alamar ƙugu. In ta rinjaya gaba, a ɗaure noti ɗaya ko biyu a gindin jela da salatif. Bayan an sa takarda kan zai ƙara nauyi, don haka gara jelar ta ɗan fi yanzu.

Don ƙafa, a sayo kaza a feɗe a gaban ɗalibai, ko a ɗauko wadda aka riga aka fige a kasuwar Mile 12, a duba. Masana sun tabbatar tsuntsaye daga wannan zuri'a ta dainoso masu cin nama suka fito, kuma ginin ƙafar bai canja ba. Cinya tana manne da jiki, gwiwa tana kallon gaba, ƙwauri ya koma baya. Gaɓar nan da mutane ke ɗauka gwiwa ce mai kallon baya, idon sawu ce. A kan yatsu dabbar take takawa, dunduniyarta ba ta taɓa ƙasa. A lanƙwasa wayar haka: cinya santimita 6 da rabi, ƙwauri 6, dogon sawu 3 da rabi, sai yatsu uku masu kallon gaba, da ɗan ƙarami na huɗu a sama ta ciki. Saman ƙugu ya tsaya santimita 19 daga katako. A bar rarar waya santimita 5 a ƙarƙashin kowace ƙafa, kafinta ya huda katakon, a zura, a lanƙwashe ta ƙasa a danne da ƙusa.

Ƙafafun su sauko a miƙe ƙarƙashin jiki. Wannan ita ce babbar alamar da ta raba dainoso da ƙadangare da kada, waɗanda ƙafafunsu ke fita gefe. Duk siffar da aka bar gwiwoyinta a buɗe waje ta tashi daga dainoso.

Hannu santimita 5 ne kawai, yatsu biyu, tafin hannu yana kallon ɗan'uwansa kamar mai shirin tafi. Wuyan hannunsu ba ya juyawa ya kalli ƙasa. Ƙoƙon kan ya kai mita ɗaya da rabi, siriri a hanci, mai faɗi ta baya, shi ya sa idanun biyu ke kallon gaba. A yi tumbin dabbar da kauri. Ƙwarangwal ɗin nan da ake kira Sue, wanda aka tono a jihar Dakota ta Kudu a 1990, yana gidan tarihi na Field a Shikago, kuma da aka sake harhaɗa shi a 2018 aka maƙala masa ƙasusuwan ciki, sai ga shi da faɗin ƙirji da tumbi fiye da yadda aka saba gani. Haƙora a yi su da bakin tsinken sakace, kada mafi tsawo ya wuce milimita 6.

Masu ƙafa huɗu

Tiraiseratos, mai ƙaho uku, zamani ɗaya da ƙasa ɗaya suka yi da Tiranosoras. Kansa da faifan ƙashin da ke bayansa sun haura mita 2, wato santimita 11 cikin 45. Ƙaho biyu a saman idanu, kowanne kusan mita ɗaya, a yi su da tsinken tsire santimita 5 a ƙara musu kauri a gindi. Na ukun gajere ne a kan hanci. Bakinsa ƙoto ne irin na aku, jelarsa gajeriya, tsayinsa santimita 15. Faifan a yanka shi a kwali, a ɗan jiƙa, a ɗaure a jikin kwalba ya bushe a lanƙwashe. In aka gina shi da garin katako, nauyi zai sa siffar ta kifa da ka.

Sitegosoras ya fi wahalar da mutane. Tsawonsa mita 7 zuwa 9, a ɗauki santimita 40. Ƙafafun gaba gajeru ne, na baya dogaye, bayan ya yi tudu a kan ƙugu, ɗan ƙaramin kai na santimita 2 a ƙasa-ƙasa. Allunan bayansa 17 ne zuwa 22 gwargwadon nau'i, a layi biyu. Ba a jere suke biyu-biyu ba: na dama a nan, na hagu a tsakaninsa da na dama mai zuwa, haka har jela. Ƙananan suna wuya, mafi girma wajen ƙugu da gindin jela, santimita 3 zuwa 4. A fata aka dasa su, ba a jikin ƙashin baya ba, don haka a bari sai an gama rufe jikin da takarda, a tsaga da wuƙa, a soka kowane allo da gam. Ƙayoyi huɗu na ƙarshen jela su kalli gefe da baya. Makamai ne na gaske, an samu ƙashin jelar wani mai cin nama, Alosoras, da hujin da ya dace da bakinsu.

Birakiyosoras a bar shi sai hannu ya faɗa. Mita 22 ne, santimita 110 ke nan, ƙafafun gaba sun fi na baya tsawo, bayan ya gangaro daga kafaɗa zuwa jela, kai ya kai santimita 60 a sama. Wayar ɗauri ba ta ɗaukar wannan wuya, cikin mako guda zai sunkuya. A sa siririn rodi na milimita 6 daga kai ya bi ta kafaɗa da ƙafar gaba har cikin katako, kan kuma a sassaƙa shi da soso zalla.

Na ƙasar maƙwabta

A ganinmu ajin da ɗalibansa Hausawa ne bai kamata ya cika tebur da dabbobin Amurka ya manta da na Nijar ba. A Gadufawa, cikin hamadar Tenere a yankin Agadas, akwai ɗaya daga cikin wurare mafi arzikin ƙasusuwan dainoso a Afirka. Shekara miliyan 110 da suka wuce wurin koguna ne da dausayi, kuma dabbobi uku da suka zauna tare a can za su hau katako ɗaya.

Nijarsoras, wanda Paul Sereno da abokan aikinsa suka raɗa wa suna a 1999, mita 9 ne, nauyi kamar tan 4. Dangin masu dogon wuya ne amma nasa wuyan gajere ne, ƙashi 13. Bakinsa ne alamarsa: ya fi sauran kan faɗi, a miƙe sambal daga gefe zuwa gefe, haƙora a jere a gaba kawai. Sun haura 500 in an haɗa da waɗanda ke jiran layi a baya, kowanne kuma yakan sauya cikin kamar kwana 14 saboda yashin da yake haɗawa da tsirrai. A yanka bakin a kwali mai kusurwa huɗu, a zana haƙoran da bakin allura, a sunkuyar da kan kusa da ƙasa yana kiwo. Wanda ya yi masa bakin da ya tsuke ya ƙera wata dabba dabam.

Uranosoras, wanda Bafaranshe Philippe Taquet ya bayyana a 1976, mita 7 ne zuwa 8, baki shimfiɗaɗɗe, ƙaramar ƙaya a babban yatsan hannu, da dogayen ƙasusuwa a gadon baya da suka tayar masa da tozo ko bangon fata, mafi tsayi a bayan kafaɗa. Yana iya tafiya da ƙafa huɗu ko biyu, amma a tsayar da shi da huɗu, ya fi sauƙi.

Sukomimus shi ne mai cin naman cikinsu, an raɗa masa suna a 1998. Mita 11, santimita 55. A bi tsarin wayar Tiranosoras amma a sirance shi: dogon baki siriri irin na kada santimita 6, haƙora sama da 100 masu siffar tsinke don kamun kifi, hannuwa masu ƙarfi da yatsu uku, da babbar ƙumba a yatsan farko, santimita ɗaya da rabi a siffar.

Ɗan'uwansa Sifainosoras ya zo bayansa da kamar shekara miliyan 15, a Masar da Maroko. Mita 14 ne ko 15, ƙasusuwan bangon bayansa sun kai mita 1.65. Ƙasusuwansa na farko da aka tono a Masar a 1912 sun hallaka a birnin Munik na Jamus a 1944 lokacin da aka yi wa birnin ruwan bama-bamai, shi ya sa siffarsa ta yi ta sauyawa a littattafai. A 2014 aka nuna ƙafafunsa na baya gajeru ne, a 2020 aka bayyana jelarsa mai faɗi daga sama zuwa ƙasa, ta iyo. A duba shekarar hoton kafin a kwaikwaya.

Belosirafta

A ma'auninmu santimita 10 ne, ƙugunsa 2 da rabi daga ƙasa. A yi shi haka a ajiye kusa da mutumin kwali, yara su ga cewa bai kai kwankwason mutum ba, nauyinsa kamar kilo 15. Sannan a yi babba dabam, santimita 50, a rubuta a katinsa cewa ma'auninsa ɗaya cikin huɗu ne. Daga Mongoliya yake. Gashin tsuntsu gare shi, a 2007 aka ga gurabun gashin a ƙashin hannunsa. A wanke gashin kaza ko zabo da sabulu, a shanya sosai, a manna daga jela a nufo kai, kowane layi ya rufe gindin na baya. Jela a miƙe, yatsa na biyu na kowace ƙafa a ɗage sama da lanƙwasasshiyar ƙumba.

Nama da fata

A cika jiki da farin soso, ba da dunƙulen jarida ba, domin soso ba ya shan laima. A sassaƙa ƙirji da cinyoyi da gindin jela, a ɗaure da salatif. Gindin jela ya yi kauri kusan kamar cinya, domin babban naman da ke jan ƙafa baya a can yake kwance. Siririyar jela irin ta ɓera kuskure ce da ake yawan yi.

Jarida a yaga ta da hannu, kada a sa almakashi, saboda yagaggen baki yana lafewa, yankakke kuwa yana fitowa a ƙarƙashin fenti. Faɗi santimita 2, tsawo 8 zuwa 10. A tsoma a gam, a tsage rarar tsakanin yatsu biyu, a shimfiɗa. Shafi shida ake buƙata, amma biyu kawai a zama ɗaya. A riƙa sauya jarida da farar takardar tsohon littafin rubutu don a san inda aka tsaya.

Daga Afrilu zuwa Yuli, da kuma Satumba da Oktoba, shafi biyu kan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu a gaban fanka. Daga Disamba zuwa Fabrairu, in hunturu ya sauko, yini ɗaya ya isa, kuma wanda ke da zaɓi ya sa aikin a lokacin. Ido ba ya gane bushewa. A kara bayan hannu a ƙarƙashin ciki da tsakanin cinyoyi, in an ji sanyi da sauran ruwa. Kada a kai shi tsakiyar rana yana jiƙe, waje zai ƙame ya tsuke, ciki da ruwa, sai ya tsage a gaɓoɓi. Mafi muni shi ne a shafa fentin mai ko banish a kan siffar da ba ta gama bushewa ba. An kulle ruwan ke nan, bayan 'yan makonni sai baƙaƙen ɗigo da wari da laushi.

Girar ido, gindin ƙaho da yatsu a gina su da garin katako awo biyu, gam awo ɗaya, kada kaurin ya wuce milimita 5 a lokaci guda. In ya bushe a goge da samfefa. Kafin shafin ƙarshe ya gama ƙamewa, a danna ragar buhun albasa a jiki a cire, za ta bar zanen ɓawon fata.

A fara da farin fentin ruwa don ya rufe rubutun jarida, sai launi. Ƙashi ba ya riƙe launi, amma a 'yan nau'o'in da aka samu burbushin launin fatarsu an ga baya mai duhu da ciki mai haske, kamar na dabbobin daji na yau. A bi wannan da ruwan ƙasa, toka-toka da kore mai duhu. Fentin feshi yana narkar da soso in akwai 'yar kafa a takardar, gara burushi. A ƙarshe banish shafi biyu marasa kauri, har ƙarƙashin sawu da gefen katako.

Jerawa

A miƙa igiya mai santimita 230 a bango, kowace santimita shekara miliyan ɗaya, ƙarshen dama shi ne yau. Farkon igiyar shi ne lokacin da dainoso suka fara bayyana. A ƙirgo daga dama: Sitegosoras da Birakiyosoras su zauna a 150, na Gadufawa a 110, Sifainosoras a 95, Belosirafta a 73, Tiranosoras da mai ƙaho uku a 67. A ɗaura jan ƙyalle a 66, lokacin da dutse mai faɗin kilomita 10 ya faɗo daga sama a yankin Yukatan na Meziko, zamaninsu ya ƙare in ban da tsuntsaye. A sa ɗalibi ya auna da rula: tsakanin Sitegosoras da Tiranosoras santimita 83, tsakanin Tiranosoras da mu 67. Don haka kada a haɗa waɗannan biyu suna faɗa a katako ɗaya.

Masu fuka-fukin fata da suka yi shawagi a sama, da manyan dabbobin teku, ba dainoso ba ne. A ba su tebur nasu. A can za a sa Goronyosoras, dabbar teku da aka samu ƙasusuwanta a ƙasar Sakkwato aka kuma sa mata sunan Goronyo, da Sarkosukus, ƙaton dangin kada na Gadufawa.

Ajiya a kan kanta mai tsawo, nesa da bangon da ke tsotsar ruwa da tagar da feshin ruwan sama ke shigowa. Kada a kulle su a leda, gumi suke yi a ciki. A yafa musu tsohon zane, a sa ƙwayar kafur a kusa inda hannun ƙananan yara ba ya kaiwa. In wani wuri ya yi laushi, a yanke shi da wuƙa har inda ya yi tauri, a bar ramin a buɗe gaban fanka kwana biyu, a duba ko wayar ta yi tsatsa a sake naɗe ta, sannan a cike da soso a rufe da shafi huɗu.